Me ya sa muke tafi idan jarumi ya fasa kan bos?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Zariya, ko na Tudun Wada ko na Muciya ko waɗanda ke lungunan Samaru, a daren da babu ƙwallo aka saka fim ɗin Indiya mai fassara, ya san yadda ƙarshen fim yake kasancewa. Jarumi ya shigo gidan bos shi kaɗai riga a yage, ya bi yaran bos ɗaya bayan ɗaya, wannan a karya mishi hannu har kana jin ƙas a sifika, wancan a buga kanshi da ƙarfe, jini na tsartuwa, ɗakin gaba ɗaya ya kaure da ihu. Yaran bencin gaba sun miƙe tsaye suna kai wa iska naushi, wani daga baya yana ta "ƙara mishi! ƙara mishi ɗan banza!", yaron mai shayi da aka aiko ya tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu har shayin ya huce.

To amma ka koma baya kamar awa ɗaya da rabi a fim ɗin nan dai, wurin da bos ya sa aka daki tsohon mahaifin jarumi a tsakiyar kasuwa. Dukan bai kai rabin na ƙarshen ba, jinin ma ɗan kaɗan ne a gefen baki, amma ɗakin tsit, sai tsaki da "Allah ya isa" ƙasa-ƙasa, wani ma ya kawar da kai yana danna waya. Mutanen nan su ne dai, daren ma shi ne. Shi ya sa duk sanda na ji ana muhawarar finafinan tashin hankali ana ƙirga wuƙa nawa aka zaro, jini nawa ya zuba, sai in ga ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke juya mai kallo shi ne wa ake duka, kuma shin an riga an gamsar da shi cewa wancan ɗin ya cancanci dukan ko a'a.

Masu nazarin halayyar 'yan kallo sun daɗe da gano wannan. Akwai wani masani Dolf Zillmann da ya yi aikinshi a jami'o'in Amurka, tun shekarun 1970 yake bayanin cewa mai kallo alƙali ne, daga fara fim yake yanke wa kowa hukunci, wane mutumin kirki ne wane azzalumi, daga nan duk alherin da ya samu na kirkin daɗi ne, duk masifar da ta faɗa wa azzalumin ita ma daɗi ce. Ya ƙara da wani abu da ni a ganina ya fi muhimmanci, cewa tashin hankalin da jiki ya shiga, bugun zuciya da gumin tafin hannu, ba ya sauka nan take da zarar an wuce wurin, yana nan a jiki ya haɗu da abin da zai biyo baya ya ƙara mishi ƙarfi. Wato baƙin cikin da aka cusa maka a farko shi ne yake komawa murna a ƙarshe. Masu shirya fim sun fi kowa sanin haka ko da ba su taɓa jin sunan Zillmann ba. Awa biyu suke yi suna tara wa bos bashi, ya kashe uba, ya keta haddin ƙanwa, ya ƙwace gona, ya sayi ɗan sanda, kai kuma kana zaune kana rubutawa a zuciyarka, idan ranar biya ta zo komai aka yi mishi ba ka ganin ya yi yawa. Ramuwar gayya ai ta fi ta gayya zafi, wannan mun sani tun kafin sinima ta zo ƙasar Hausa.

Sai kuma fassara ta ƙara nata. Wanda ya kalli fim ɗin Indiya da harshensu da wanda ya kalle shi a fassarar Algaita da ire-irenta gaskiya ba fim ɗaya suka kalla ba. Mai fassara yana zuba wa jarumi kirari, yana yi wa wanda aka nausa shaƙiyanci, wani ya faɗo daga bene ya mutu amma maganar da aka saka a bakinshi ta sa kowa ya fashe da dariya. Mutuwa ta zama abin barkwanci kenan. Kuma wannan son jarumi mai duka ba yau muka fara ba, tun zamanin sinima iyayenmu suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin, masanin nan Brian Larkin da ya yi bincike a kan sinimomin Kano ma ya kawo sunayen nan a rubuce-rubucenshi. Ga kuma zamanin finafinan Chanis, da wuya ka samu namijin da ya tashi a shekarun 1980 ko 1990 bai taɓa fitowa daga kallo ya gwada tsallen Bruce Lee a kan ƙaninshi ba.

Wani zai ce to ai Bahaushe da kallon faɗa sun saba, ga dambe, ga kokawa, ga sharon Fulani, ga 'yan tauri da ke biyo tawaga a hawan sallah suna goga wuƙa a ciki mutane na shewa. Haka ne, kuma ina ganin kwatanta su da fim yana fito da wani abu. A filin dambe mutum biyu ne suka yarda suka shigo, da alƙali, da ƙa'ida, wanda ya kai ƙasa shikenan an yi kisa an raba, ba a binshi a tattake. Kana ganin wanda ya faɗi ana yayyafa mishi ruwa, kana ganin fuskarshi ta kumbura, ka san garinsu, gobe ma za ka iya haɗuwa da shi a mahauta yana sana'arshi. Zafin abin a fili yake. Fim kuwa zafin yake cirewa. Yaron bos na goma sha biyu da aka karya wa wuya ba shi da suna, ba shi da uwa, ba a nuna jana'izarshi, kyamara ta wuce kafin ma ya gama faɗuwa. An taɓa yin wani babban bincike a Amurka a tsakiyar shekarun 1990 inda aka bi dubban shirye-shiryen talabijin na tsawon shekara uku, aka samu kusan kashi 60 cikin ɗari suna da tashin hankali a ciki, kuma sama da kashi 70 na wuraren da aka nuna shi babu nadama, babu wanda ya tsawata, babu hukunci a wurin. Nasu ne aka ƙirga ba namu ba, amma wanda ya kalli abin da muke kallo ya san zanen ɗaya ne.

Yanzu tambayar da iyaye da malamai suka fi yi, shin fim ne ke mayar da yara 'yan daba? Amsar tana da ɗan tsawo, kuma duk wanda ya ba ka ita a kalma ɗaya ya rage wani abu.

Cewa yara na kwaikwayo, wannan ba musu. Albert Bandura ya gwada a Jami'ar Stanford a 1961, aka sa ƙananan yara suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba mai tashi idan an ture ta, da aka bar su da ita sai suka yi ta dukanta irin yadda suka gani har da kalaman da ya furta. A 1963 ya maimaita da fim maimakon mutum a gabansu, sakamakon bai canza ba. Daga baya ya nuna idan yaran sun ga an hukunta mai dukan kwaikwayon yana raguwa, kaga mun dawo kan maganar hukunci kenan. Akwai kuma Rowell Huesmann da abokan aikinshi da suka bi wasu yara tun ƙarshen shekarun 1970 har suka girma, suka fitar da sakamako a 2003, cewa waɗanda suka fi kallon tashin hankali suna ƙanana, musamman masu ɗaukar kansu kamar jarumin kuma suna ganin abin kamar gaske ne, sun fi saurin hannu da suka zama manya, maza da mata.

Amma ga ɗaya gefen. Wasu masana tattalin arziki biyu, Gordon Dahl da Stefano DellaVigna, sun duba alƙaluman laifuka a Amurka suka fitar a 2009 cewa a ranakun da jama'a suka fi cika sinima don kallon finafinan tashin hankali, laifukan duka da rauni raguwa suke yi ba ƙaruwa ba. Dalilin ba wani abin mamaki ba ne, matasan da za su iya tayar da rigima suna zaune a ɗaki ɗaya na awa biyu ko uku, ba sa mashaya ba sa kan titi. Ni wannan ya fi min kama da abin da muke gani, yaron da ke kan benci a gidan kallo ƙarfe tara na dare aƙalla ka san inda yake. Akwai ma masana irin su Christopher Ferguson da ke ganin an zuzuta tasirin fim, cewa idan aka cire dukan da yaro ke sha a gida da irin abokanshi da halin da ya taso a ciki, abin da ya rage wa fim kaɗan ne. Har yau ba su gama wannan gardamar a tsakaninsu ba.

Mu ma in mun yi wa kanmu adalci daba ta girmi bidiyo. Tana da saiwa a farauta da faɗan unguwa da bangar siyasa tun rikicin NEPU da NPC a shekarun 1950, lokacin da yawancin gidaje ko rediyo babu, fim ɗin Hausa na bidiyo kuwa sai 1990 aka fara. Abin da fim ke bayarwa shi ne salo, yadda ake ɗaure kai, yadda ake riƙe wuƙa, irin tafiya, irin inkiya, kalmomin da za ka ji yaro ɗan shekara tara yana faɗa wa ɗan'uwanshi a hanyar Islamiyya. Dalilin da zai sa a soki mutum a kan waya kuwa daga wani wuri yake zuwa, ƙwaya da zaman banza da ɗan siyasar da ke raba kuɗi lokacin kamfen da uban da bai san inda ɗanshi ke kwana ba. Hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim a 2021, a 2024 kuma ta hana finafinan daba da na daudu. Na fahimci abin da ya sa, wasu daga cikin finafinan dabar nan masu dogon zango wallahi talla ce kawai ake yi wa harkar, shugaban daba shi ne mai kwarjini, shi 'yan mata ke so, shi ke da maganganun da ake yankowa a saka a TikTok. Sai dai mu nan jihar Kaduna muke, kuma ko a Kanon ma da wuya dokar ta kai ga duk abin da ke YouTube da shagon masu tura finafinai a waya, balle ta taɓa na Indiya da na Turkiyya da na Koriya da suka fi namu jini nesa ba kusa ba.

Abin da binciken ya fi tsayawa a kai da ƙafa biyu, kuma mu ba mu cika maganarshi ba, shi ne dakushewar zuciya. Ba wai ka tashi ka daki wani ba, a'a, ka ga ana dukan wani abin bai dame ka kamar da ba. A 1974 wasu masu bincike Drabman da Thomas sun bar yara su kula da wasu ƙanana ta allon talabijin, aka ce in sun ga matsala su kira babba, waɗanda aka fara nuna wa fim ɗin faɗa sai suka fi jinkirin kira da ƙananan suka kaure da faɗa. Brad Bushman da Craig Anderson kuma a 2009 suka sa wata budurwa mai bandeji a ƙafa ta yar da sandunan dogarawarta a ƙofar sinima, waɗanda suka fito daga fim ɗin tashin hankali sun fi ɗaukar lokaci kafin su taimaka mata da kashi 26 cikin ɗari a kan waɗanda suka fito daga fim mara faɗa. Daƙiƙoƙi ne kawai, kuma ba wanda ya ce abin yana daɗewa, amma mutumin da ke kallon irin wannan kullum tun yana shekara shida fa?

Ga kuma masu tsorata, su ba a jin muryarsu saboda ba sa ihu. A cikin gida inda waya ɗaya ce ake jingina ta da filo kowa ya kewaye, uwa da 'yan mata da ƙanana har da na goye, za ka ga yarinya ta rufe fuska da hijabi tana leƙe ta gefe, da dare kuma ta ƙi fita tsakar gida ita kaɗai. Joanne Cantor da ta daɗe tana nazarin tsoron yara ta nuna ƙanana sun fi tsoron abin da ya munana a ido, dodo ko fuska mai ban tsoro, waɗanda suka ɗan tasa kuwa abin da zai iya faruwa da gaske ne ke hana su barci. To yaron Zariya da ya san an taɓa shiga makaranta a garin nan an kwashi mutane, kamar yadda aka yi a Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021, wanda ya ji manya na lissafin ko a bi hanyar Birnin Gwari ko kar a bi, idan ya ga masu bindiga sun fasa ƙofa a fim ba tatsuniya yake kallo ba. Wani masani George Gerbner ya ce masu yawan kallon irin wannan suna ɗaukar duniya ta fi yadda take mugunta, suna rage yarda da mutane. A wurinmu da abin ya riga ya yi muni, fim ƙari yake yi a kan tsoron da ke nan.

Amma wurin da ni abin ya fi tsaya min a rai shi ne darasin da ke ƙarƙashin tafin nan. Ka lura da ɗan sanda a finafinan nan, ko dai yaron bos ne, ko kuma sai an gama komai motarsu ke isowa da jiniya. Kotu wurin da azzalumi ke fita yana murmushi ne. Saƙon da ake maimaita mana dare bayan dare shi ne hukuma ba za ta yi komai ba, mutumin kirki shi ne wanda ya ɗau doka a hannu, kuma da zarar an tabbatar maka wane mugu ne to jikinshi ya halatta. Matsalar ita ce a fim an ba ka awa biyu ka ga laifin bos da idonka. A bakin kasuwa ko a tasha kuwa kalma ɗaya ce, wani ya ƙwala "ɓarawo!", shikenan, kowa ya zama jarumi, wanda ya zo daga baya ma bai tambayi me aka sata ba yake neman dutse. Ban ce fim ne ya ƙirƙiro wannan ba, rashin yarda da 'yan sanda da kotu yana da dalilanshi na gaske da kowa ya sani, wanda aka taɓa sace wa babur ya ga ɓarawon yana yawo bayan sati ɗaya ba ya buƙatar fim ya koya mishi fushi. Amma jin daɗin, wannan shewar da ake yi a kan mutumin da ke kwance, ina ganin an yi mana atisayenta da yawa.

A Aluu ta jihar Ribas a 2012 ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal aka kashe a kan zargin sata, jama'a na tsaye suna ɗauka a waya. A Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida sallah aka tare aka ce masu garkuwa ne, aka kashe su aka ƙona, nan ma da masu ɗauka. Ranar da bidiyon Uromi ya zagaya ba wanda ya yi tafi a nan, kuka aka yi, don mun san su waye, mun san suna da iyaye da mata da 'ya'ya. Waɗanda suka kewaye su kuwa an riga an gaya musu su waye mugayen labarin.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake ganin ya fi kowane fim haɗari yanzu, bidiyon gaske. Gawarwakin hatsarin hanyar Kaduna, wanda 'yan bindiga suka ɗauka suna dukan waɗanda suka kama don a matsa wa dangi, ɓarawon waya da aka farfasa wa kai, duk suna shigowa guruf ɗin WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai, a tsakanin sanarwar ɗaurin aure da addu'ar Juma'a, wani ma da "innalillahi" a sama kamar hakan ya wanke turawar. Bayan harin bam na gasar gudu a Boston a 2013, masu bincike sun samu cewa mutanen da suka riƙa kallon labarin awa shida ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda ke wurin da abin ya faru. Ko ba komai fim kana shiga ka san wasa ne, ka san jarumin zai fito a wani fim ɗin wata mai zuwa. Wannan kuwa ɗan wani ne, kuma wataƙila uwarshi ma a wayar maƙwabciya za ta fara gani.

Hukumar tace finafinai ta ƙasa tana nan tun 1993, tana saka wa fim alamar shekaru, 12 ko 15 ko 18, tsarin a takarda ba laifi. Amma an yi shi ne don zamanin da fim ke zuwa a kwali ko a ƙofar sinima mai tikiti. Yau yaro zai kai memori shago a PZ ko Kwangila ya ce a cika mishi da "masu faɗa", mai shagon ba zai tambayi shekarunshi ba, fayil ɗin ma ba alamar komai a jikinshi, sau da yawa an yanke farkon fim ɗin inda alamar take don kar ya ci wuri. Mai gidan kallo shi ma kuɗin man janareta yake nema, kuma yaran bencin gaba su ne kwastomomin da ba sa fashi.